Gawayin da Yaya Sabo Ya Dafa Shayi da Shi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

Bincikena na digiri na biyu a kan tace ruwan rini ne. Ƙwayoyin azurfa nake haɗawa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, su ne ke hanzarta kashe launin ruwan. Amma sai an ɗora su a kan abin da zai riƙe su a warwatse, in ba haka ba dunƙulewa suke yi, aikinsu ya mutu. Gawayin karan riɗi na Gagarawa na sarrafa musu, na sha wuya kafin ya yi.

Wasu masu rini a Gumel suka ce in zo in nuna musu, in abin ya yi za su ba ni wurin gwaji a marinarsu. Na sauka a gida da gawayina a gwangwani. Da safe na tarar da gwangwanin wayam, ga yayana Sabo yana fifita wuta a ƙarƙashin butar shayi.

"Wannan gawayin naki ma ba ya ci sosai," in ji shi.

Maimakon in ɗage taron, sai taurin kai ya sa na ɗebi yashin tsakar gida, na wanke, na zuba ƙwayoyin a kai. (Ni da na rubuta babi guda a kan illar yin haka.)

A gaban dattawa na ɗaga kwalbar jan rini na ce, "Ku sa ido, yanzu zai koma fari tas."

Na zuba yashin a ciki, na juya, na girgiza, na ƙara juyawa. Ƙwayoyin suka dunƙule suka kwanta a gindin kwalba, ruwa yana nan jajir. Gumi ya jiƙa min hijabi, na koma zuba Turanci. Can shugabansu, Alhaji Ado, ya gyara murya.

"'Yata, in zoɓo ne a kawo kofuna. In kuma magani ne, bari mu yi azahar mu dawo."

Ba wanda ya dawo.

Har yau Yaya Sabo cewa yake laifina ne da ban rubuta komai a jikin gwangwanin ba. Haushin da ya fi ci na shi ne gaskiyarsa ce. Yanzu duk abin da na kawo gida, ko garin kunu ne, sai na rubuta masa "guba" da jan biro. A gidanmu iyakar kimiyyar da ake girmamawa ke nan.