Talotalo a Gaban Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na haska wa mahaifina talotalo ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina. Har yau in na ga tsuntsun nan a kasuwa sai na kau da kai, kamar na haɗu da wanda ya san asirina.

Lokacin soja ke mulki, kuɗin mai sun shigo ƙasa, gwamnati tana neman yaran da za ta tura karatu kamar ta roƙe su. A haka na samu gurbi a jami'a, sashen zane-zane. Can na faɗa hannun wani malami ɗan Indiya da ke koyar da abubuwa biyu da ba wanda ya san kansu a gidanmu: zanen da ke motsi irin na majigi, da tsara wasannin da ake bugawa a kan kwali, irin su ludo. (Wasan da na fara tsarawa, abokaina sun yini suna bugawa ba wanda ya ci, don na manta ban yi masa hanyar ƙarewa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Baba ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa yake sayarwa a babbar kasuwar Sakkwato, kuma karatun nan nawa bai taɓa kwanta masa ba. Ɗan maƙwabcinsa a rumfa, Alhaji Ummaru mai hatsi, likitanci yake karantawa, shi kuwa nasa ɗan ya tafi jami'a koyon zane. Da ƙyar ya bar ni, shi ma da sharaɗi guda. Ya ce tsuntsu da dabba ya kau da kai, amma ɗan Adam kada in kuskura in zana shi. Na ce na ji, na kuma riƙe alkawari, ko in ce na ɗauka na riƙe.

Saura mini shekara guda in gama sai ya kama rumfa ta biyu, yana neman wanda zai zauna masa. Da na zo hutu ya kira ni zaure ya ce, "Kahin ka koma, ka gwada mani abin da kake yi can. In na ga abin kirki, ka tahi ka ida. In ban gani ba, ga makulli nan." Ya nuna makullin rumfar yana rataye a ƙusa. Ban nuna damuwa ba, don ina da abin da nake taƙama da shi a cikin akwati.

Abin shi ne ɗan guntun fim da na yi a makaranta, wanda bai kai a shanye kofin shayi ba. Wanda bai san aikin ba zai raina shi, amma kafin tsuntsu ya ɗaga ƙafa ya ajiye sai ka yi zane bayan zane, kowanne ya ɗan bambanta da na baya, a ɗauke su hoto ɗaya-ɗaya, in aka jera aka haska da sauri sai ido ya ga motsi. Watanni na yi a kansa har yatsana ya yi kanta. Labarin kuwa mai sauƙi ne: wani talotalo mai ji da kai yana ratsa kaji yana hura hanci, bai duba gabansa ba, ya zame ya faɗa taɓo ƙafafu sama. Darasi ne a kan girman kai, wai ni mai wa'azi.

Malaminmu yana da ƙa'ida. Kowane ɗalibi sai ya ajiye madubi kusa da teburinsa, duk motsin da zai zana ya tashi ya yi shi da jikinsa tukuna, ya kalla, sannan ya zauna ya zana. To ni ma haka na yi. Na jingina dogon madubi a ɗakin kwananmu, na sa babbar riga don ta zame mini fukafukai, na yi ta kai da komo ina kallon kaina. Ƙirji gaba, ƙafar hagu tana ɗan watsawa waje, in an yi 'yan taku sai a ɗaga hannun riga a jefa a kafaɗa, in za a juya sai an fara karkata kai. Na ji daɗin abin ƙwarai. Na ce wa abokaina ban taɓa ganin tafiyar wauta irin wadda na ƙirƙiro ba.

Na'urar haskawa ce matsala, sai Allah ya haɗa ni da Malam Yohanna, maƙwabcinmu a unguwar Mabera. Malamin sakandare ne, mutumin kudancin Zariya, kuma makarantarsu tana da na'urar da ake nuna wa ɗalibai finafinan ƙasashe. Ya aro ta, matarsa ta ba da farin zanen gado muka kafa a bangon falonsu, muka toshe tagogi da barguna, aka sa lokaci bayan la'asar.

Da na tsaya a nan da abin ya zo da sauƙi. Amma ina! Ni da ƙafata na je kasuwa na gayyato Alhaji Ummaru da wasu abokan Baba biyu, wai su zo su ga abin da ɗan likitanci ba zai iya ba. Suka zo kuwa, aka shimfiɗa musu tabarma, Baba a tsakiya a kan kujerar mai gida. Falon ya yi zafi kamar tanda. Na miƙe na yi jawabi (har da Turanci, Allah ya yafe mini), na ce abin da za su gani ba a taɓa yin irinsa a garin nan ba, kuma duk daga kaina ya fito. Sannan na ɗaga wa Malam Yohanna hannu kamar wani gwamna.

Na'ura ta fara ƙara, kaji suka bayyana suna tsattsaga. Na ji wani ya ce, "Ikon Allah, suna motsi!" Kaina ya ƙara girma. Sai ga talotalo ya shigo daga gefe, ƙirji gaba, ƙafar hagu tana watsawa. Falon ya yi tsit, irin tsit ɗin da na ɗauka na mamaki ne. Tsuntsun ya yi 'yan taku, ya ɗaga fiffike ya jefa a kafaɗa.

"La ilaha illallahu," in ji Alhaji Ummaru. "Wanga ai Alhaji na!"

Shi ke nan. Dariyar da kowa ke dannewa ta fashe. Ɗaya daga cikinsu yana bubbuga tabarma yana cewa, "Ku dubi ƙahwar, ku dubi ƙahwar! Haka yake shigowa rumhwa!" Talotalo ya karkata kai zai juya, Malam Yohanna, mutum mai natsuwa, ya kife a kan tebur kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa a lokacin idona ya buɗe. Na kalli bangon, wallahi Baba ne, ba abin da ya rage sai hula. Kuma ni kaɗai a falon nan na san abin da ke jiransa a gaba.

Na yi tsalle zan kashe na'urar, ban san inda ake kashe ta ba. Na laluba, na taɓa wani wuri ya ƙone ni. Da na rasa dabara sai na ruga na tsaya a gaban hasken don in tare hoton. Farar riga ce a jikina. Saboda haka talotalon bai faɗi a bango ba, a kan cikina ya zame, ya faɗa taɓo, ya yi ta harba ƙafafu sama, ni kuma na buɗe hannuwa ina cewa, "Ba shi ba ne! Wallahi ba shi ba ne!"

Baba ya miƙe a hankali. Ya ɗaga hannun rigarsa ya jefa a kafaɗa, ya karkata kai, ya juya ya fita. Allah ya gani abokansa sun yi ƙoƙari su riƙe kansu, amma wannan jefa hannun rigar ya ƙarasa su. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Kwanakin da suka biyo baya ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Ba makullin rumfa ya fi damuna ba, shi na riga na sallama. Abin da ya hana ni sukuni shi ne mutumin nan ya yi shekaru yana tara mutuncinsa a kasuwa, ni kuma na tara masa abokansa na mai da shi abin dariya, kuma yana ganin da gangan na yi. Inna ta ce in ba shi lokaci. Ita ma dai na lura ba ta iya haɗa ido da ni ba tare da bakinta ya motsa ba, don labari ya riga ya zaga unguwa.

Wata safiya ya kira ni zaure. "Na ce maka ban da mutum," ya ce. "Duk garin ga ka rasa wanda za ka zana sai ubanka?"

Na rantse masa ban zana shi ba. Na ba shi labarin madubi, na ce kaina na kalla, kaina na zana. Ya dube ni ya ce, "Tashi ka tahi bakin ƙohwa ka dawo."

Na tashi na miƙe sambal kamar sojan fareti, ina lura da kowace ƙafa. Da zuwa lafiya lau. A dawowa hannun rigata ya zame, kafin in ankara na ɗaga shi na jefa a kafaɗa. Daga ƙofar cikin gida na ji Inna ta saki dariya ta ruga. Baba bai yi dariya ba. Ya ce in je in roƙi Malam Yohanna ya sake ɗaura na'urar, amma ban da kowa.

Mu uku muka zauna a falon, barguna a tagogi. Talotalo ya shigo, ya jefa fiffike, Baba ya ce a tsaya kafin taɓo, a maido baya. Aka maido. Ya sake cewa a maido. Da na saci kallonsa sai na ga yana share ido da bakin rawaninsa, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

"Ni ban taɓa ganin tahiyata ba," ya ce. "Amma wagga tahiya na san ta. Ta Baffa ta."

Baffa mahaifinsa ne, kakana, bafatake mai tufafi da ya rasu tun Baba yana ƙarami, kuma ko hoto guda bai bari ba. Baba ya ce fuskarsa ta daɗe da ɓace masa, ya yi ƙoƙarin tuno ta har ya gaji. "Yau na gan shi yana tahowa daga kasuwa," ya ce. Malam Yohanna ya tashi ya ce bari ya duba ko an dafa shayi, ya bar mu.

Da muka fito Baba ya ce, "Ka koma ka ida karatunka. Amma ka cire taɓon ga. Ubana bai taɓa hwaɗawa taɓo ba."

Na koma makaranta na sa almakashi na yanke ƙarshen fim ɗin. Malaminmu ya kalla, ya ga tsuntsu ya shigo, ya yi tafiya, ya fita, shi ke nan. Ya girgiza kai ya ce da wasana da fim ɗina duk ciwonsu ɗaya, ba su da ƙarshe, ya ba ni makin da da ƙyar na tsallake. Ban yi masa musu ba. A kasuwa kuwa Alhaji Ummaru bai daina kirana Ɗan Talotalo ba har ya koma ga Allah, kuma da na yi tunani na ga bai yi ƙarya ba.

Abin da na koya shi ne, in mutum ya tashi zana mai girman kai don mutane su yi dariya, ya fara tambayar kansa wa ya tsaya a gaban madubin. Fim ɗin ya daɗe da lalacewa, zafin Sakkwato ya manne shi a cikin gwangwaninsa. Baba ma ya rasu. In kewarsa ta kama ni, sai in sa babbar riga in tashi in je bakin ƙofa in dawo.