Tabon da Kwamfuta Ta Goge

"…Lafiya ƙalau, in ban da mijin da aka laƙaba min. Matsa in zauna, kai ko kujera ba ka iya ba mace ba."

Dada ce ta shigo shagon, hannu ɗaya yana laluben bango, ɗayan riƙe da katin asibiti. Tun safe motar Gwaram ta sauke ta a Birnin Kudu don ganin likitan ido, daga can ta sa ɗan acaɓa ya kawo ta bakin tasha, inda jikanta Haladu yake da shagon hoto. Sana'arsa ita ce ya sa hoton mutum a kwamfuta, ya yi ta shafa shi da wani alƙalamin roba har ya koma kamar zanen da aka yi da fenti da burushi, sannan ya buga shi a ƙyalle. Sunan kakansa marigayi ya ci, shi ya sa Dada ba ta taɓa kama sunansa ba. Maigida take ce masa, shi kuma ya ce mata Amarya.

"Amarya, shekara guda kina yaji a Farin Dutse, yau kuma ke kika biko kanki?"

"In dawo in ci me? Wayoyin lantarki? Dube ka, wuya kamar mariƙin lema."

"Wuyan nan 'yan matan garin nan layi suke yi a kansa. Ke fa? Haƙori huɗu, biyu ma ba sa ga maciji da juna."

"Huɗun sun isa su ga bayan tsire, in da kai mai saya ne."

"To me likita ya ce?"

"Ya ce in daina kallon munana. Shi ne na zo in yi maka sallama."

Haladu ya yi dariya, amma idonsa yana kan katin da ta ajiye a tebur. Ya karanta abin da aka rubuta, ya daina dariyar. Idon dama ya riga ya tafi, na hagu yana bin sa. Ya kuma san tsohuwar da ko gidan biki ba ta zuwa ba za ta hau acaɓa don ta zo ta zagi wuyansa kawai ba.

Ta kwance haɓar zaninta, ta fito da wani ƙulli. Tsumma uku ta warware kafin ta kai ga tsohon katin shaidar marigayi mijinta, mai hoton da bai fi girman babban yatsa ba.

"Ƙanwarka Khairiyya ce ta ce wai kana mai da mutane manya a cikin akwatin nan. Na ce ƙarya ne, yaron da ko ƙafar kaza bai iya zanawa a allo ba. To ga gwaji. Ba wai don na damu ba, allura nake nema na tsinci katin."

Ƙamshin turaren wuta ne yake tashi daga tsumman. Ba haka abin da aka tsinta wajen neman allura yake ba. Haladu ya gane, ya kuma gane ba za ta iya roƙonsa kai tsaye ba. Matan irin gidansu ba sa cewa sun yi kewar miji, ko sunansa ba sa faɗa. Shi kaɗai ne a duniya za ta iya kawo wa wannan buƙata, tunda shi kaɗai take da ikon zagi.

"Au, tsohon mijin naki kika kawo min in yi wa kwalliya? Ni da nake raye ba ki taɓa neman hotona ba."

"Kai ai ganinka a fili ma horo ne. Yi aikinka."

Ya sa katin a na'ura, ya danna. Fuskar da take kamar ƙwayar gyaɗa ta buɗe ta cika gilashin kwamfutar. Dada ta ja kujera har hancinta ya kusa taɓawa. Ya fara shafa alƙalamin. Farin bangon da ke bayan mutumin ya rikiɗe ya koma kalar sararin sama bayan an ɗauke ruwa. Rigar da ta koɗe ta dawo shuɗiya, da sawun burushi a jikinta layi-layi, haske yana kwance a kafaɗa ɗaya.

"La'ilaha illallahu! Rigar saƙinsa ce. Maigida, rigar tana motsi!"

"Ba ta motsi, Amarya, idonki ne."

Ta miƙa yatsa ta dangwali gilashin, ta duba, ta shinshina. "Ba danshi. To ta ina fentin yake fitowa?"

"Daga kaina."

"Shi ya sa ba abin da ya rage a ciki."

Ya ce ta ɗan kau da kai ya ƙarasa fuskar. Ya yi wa kakan nasa abin da masu kawo masa aiki suke so: ya goge tamoji, ya ƙara wa fatar haske, ya cike gemu, ya miƙar da hular da ta karkace. Akwai wani farin layi a saman girar hagu, ya ɗauka karcewar kati ce, ya share shi da shafa ɗaya. Sannan ya juya mata kwamfutar yana jiran yabo.

Dada ta daɗe tana kallo.

"Wannan wane ɗan takara ne? Kansila yake nema ko ciyaman?"

"Kakana ne mana. Wahala na cire masa."

"Shi ka cire, ka bar min rigar. Wa ya ce ka miƙar da hular nan? Shekara arba'in da bakwai ina fama ban miƙar da ita ba, sai kai, da alƙalamin da ko tawada babu? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bayan shanu ka mai da shi kamar wanda ya kwana a cikin man shanu. Kuma ina tabon?"

"Wane tabo? Kati ne ya karce."

"Kai ne ka karce." Muryarta ta sauka. "Shekara biyu ina buɗe katin nan ba na ganin komai sai duhu-duhu. Likita ya ce ɗayan ma da wuya ya kai lokacin kaka. Ba na so fuskar da zan tafi da ita cikin duhu ta zama ta baƙo." Sai ta yi sauri ta gyara mayafi. "Balle taka."

Haladu ya dawo da tamojin ɗaya bayan ɗaya, ya mai da fatar baƙa yadda rana ta bar ta, ya karkata hular. Da ya zo kan girar sai ya tuna.

"Au, tabon bijimin nan ne! Wanda ya ƙwace a kasuwar Gwaram, Malam ya kama shi da hannu biyu ya kayar."

"Haka dai yake faɗa. Ƙara sama. A'a, ba miƙe yake ba, ya lanƙwasa kamar jinjirin wata. A ƙarshensa akwai ɗigo biyu ƙanana, a jere."

Ya buɗa ainihin hoton har girar ta cika gilashi. Ga su kuwa, ɗigo biyu, daidai inda ta ce.

"Amarya, ke da aka ce ko ido ba kya haɗawa da shi, yaushe kika ƙirga?"

"Yana barci ai."

"To amma wane irin ƙaho ne yake barin ɗigo biyu a jere?"

Hannunta na dama yana kan teburin, da tsohon awarwaron tagullar da bai taɓa ganin ta cire ba. A bakinsa akwai 'yan ƙulli biyu, a jere. Haladu ya dubi awarwaron, ya dubi girar, ya sake duban awarwaron.

"Dada!"

"Kar ka cika min kunne. Ina tallan nono a kasuwa, ya zo da abokansa, ya sha ludayi uku, ya ce wai ruwan rafi ne na shafa wa fari. A gaban mutane! Hannuna ne ya tafi da kansa. Ya koma gida jini har ido, ya ji kunyar cewa yarinya mai tallan nono ce, ya ce bijimi. Kwana bakwai sai ga baffanninsa a ƙofar gidanmu."

"Wato bijimin da aka ce mutum shida suka kasa riƙewa…"

"Da farko mutum biyu ne. Kowace shekara yana ƙara masa ƙiba, ina zaune ina jin sa, in ce, 'Allah Ya kiyaye gaba, Malam.'"

Haladu ya yi dariya har ya kifa kai a tebur. Da ya ɗago ya zana tabon a hankali, da ɗigonsa biyu, ya sa masa ɗan haske. Ya tura wa babbar na'urar buga hoto. Ƙyallen ya fito sannu-sannu, hula da farko, sai goshi, sai girar. Ya ɗaga shi a bakin ƙofa inda rana take faɗowa.

Dada ta miƙe ba tare da ta dafa bango ba. Ta rufe mataccen idon da tafin hannu, ta buɗe ɗayan iyakar buɗewa. Ta bi tabon da yatsa tun daga farkonsa har ɗigon ƙarshe.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Sannu, Malam. Ka ga ni na tsufa, kai ka tsaya."

Can ta share fuska da gefen mayafi, ta fara murɗa awarwaron. Da ƙyar ya wuce ƙashin hannunta.

"Ungo, mai wuyan lema. Na yarda, ka iya. Ga ƙahon bijimin."

"Ni zan sa?"

"Ka ba wadda tsautsayi zai sa ta aure ka. Ranar da ka ce kununta ruwa ne, ta san inda za ta nufa."

Ta fashe da dariya, haƙoran nan huɗu duk a waje, amma idonta bai bar kan girar ba.