Rigar Nutso Mai Aljihu

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na so zama gwanin nutso a kogon ƙarƙashin ruwa, ni ɗan Kazaure da bai taɓa ganin teku ba sai a waya. Lokacin ina sabon ɗauka a aikin kwana-kwana. Sai wata ƙungiya ta ba ofishinmu gurbi ɗaya tak na horon nutso a wata ƙasa ta bakin teku. Oga ya zaɓe ni, don na cika masa kunne da cewa a dam ɗin garinmu na girma (gaskiya a bakinsa na girma, ina gadin takalman masu wanka).

Sharaɗi biyu suka gindaya. Na farko, tukunyar iska da abin shaƙa za su bayar a can, amma kowa ya zo da rigar roba, gilashin fuska, takalmin agwagwa, ɗamarar dalma, fitila uku, da zaren da ake bi a fito daga kogo. Na biyu, kowa ya tura bidiyonsa a cikin ruwa sanye da kayan kafin wata ya ƙare.

Na ɗauki biro da takarda. Na haɗa, na rage, na sake haɗawa, lissafi ya ce bai san zancen ba. Fitila uku na ce almubazzaranci ne, na sayi ɗaya a kasuwar Roni na naɗe ta da leda. Zare kuwa na ce na ɗinkin buhu ya isa. Rigar ce ba ta da dabara, kuma ita kaɗai ta fi ƙarfin albashina. Inna ta ga na kwana biyu ba na cin tuwon kirki, ranar kasuwar Gwiwa ta sa aka kai tunkiyarta, wadda take kira Balaraba, ta damƙa mini kuɗin a ƙulle a bakin zane. Har yau in na tuna sai zuciyata ta karye.

Riga ta iso daga Legas. Sai da na yi gumi kafin na shige ta, na fito tsakar gida ina tafiya kamar an ɗaure ni da roba. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta kau da kai.

"Haka za ka fita gaban mutane, kamar an feɗe ɗan akuya?"

Ni ma kunyar ta kama ni. Na yanke cewa mai kaya ya cuce ni ya turo ƙarama. Ban tambayi kowa ba, na nufi wurin Baba Ilu tela, wanda tun ina yaro shi yake ɗinka mini kayan salla a kekensa mai ƙafa. Ya juya rigar, ya shinshina ta, ya ce bai taɓa ganin rowar yadi irin ta Turawa ba. Ya farke ta gefe da gefe, ya jona baƙar shadda, ya buɗa hammata da ƙafafu yadda iska za ta shiga. Ya yi mini aljihu biyu, ya ce namiji ba ya fita ba aljihu. Har ɗan aiki ya yi a wuya, kuma ya ƙi karɓar ko sisi. Allah ya ji ƙan Baba Ilu, rigar ta yi kyau, ko ɗaurin aure za a iya zuwa da ita.

Ranar Asabar da hantsi muka hallara a bakin dam: Oga, abokan aiki, masu wanki, masunta. Abokina Sani ya riƙe waya yana ɗauka. Na ɗaura dalma, na ɗaga wa jama'a hannu, na shiga da baya-baya yadda na ga ana yi, sannan na saki jiki na faɗa.

Ruwa ya shigo ta wuya, ta hammata, ta ƙafa, ta aljihu. Shadda ta sha ta ƙoshi, dalma ta ja ni ƙasa, takalman agwagwa suka harɗe, fitilar Roni ta yi fat ta mutu. Na kurɓi ruwa, na ɗago ina salati, ina kiran Inna da iya ƙarfina (a gaban Oga, a bidiyo). Sai ga wani tsohon masunci ya matso a kan goransa na kamun kifi, bai ko miƙo hannu ba.

"Yaro, miƙe tsaye mana. Nan wurin iya cibiya ne."

Na miƙe. Iya cibiya ne. Ruwa yana tsiyaya daga aljihuna biyu, masu wanki har da zama a ƙasa don dariya.

Masu horon da suka ga bidiyon suka yi bayani cikin ladabi cewa matsewar ita ce rigar, wadda aka buɗa ta tashi daga aiki. Gurbin ya koma wani gari. Dariyar mutane ba ta dame ni ba kamar yadda zan shiga gida in ce wa Inna Balaraba ta tafi a banza. Ta saurare ni har na gama, tana tsince wake, sannan ta ce, "To ai ko nutsewar ka yi, da suturarka za a fito da kai."

Sai bayan shekara na iya saya mata wata tunkiya, ta ce wannan ba ta da hankalin Balaraba. Rigar tana nan a ƙasan akwatina. Tun daga ranar, abin da ban sani ba ina tambayar masu shi kafin in kai wa tela, kuma kafin in yi ihun neman ceto nakan fara gwada miƙewa tsaye.