Ranar Da Na Riga Kaka Tabita Shiga Ruwan Baftisma

Ba zan taɓa mantawa da baftismar da aka yi a majami'armu ta Kafanchan ba, shekarar da aka ɗora ni a kwamitin gini. Cikin masu jiran baftismar akwai Kaka Tabita, tsohuwa tukuf, wadda ta daɗe tana roƙo a yi mata kafin Ubangiji ya kira ta. Matsalar ita ce ƙafafunta ba sa iya gangarawa rafin da muka saba zuwa.

Sai ni, sarkin dabara, na ce a bar min. Na taɓa ganin wani ƙaton kwamin roba mai ƙafafun ƙarfe a otal a Kaduna, wanda ake kafawa a tsakar gida yara su yi iyo. Na kawo shawara, aka saya. Fasto ya ce mu zauna da mai gyaran famfo a tsara aikin tukuna. Na ce, "Baba Fasto, abin da yara ke wasa da shi ne za mu yi wa mitin?" (Har da dariya na yi, Allah ya yafe min.)

Ranar Asabar na kafa kwamin a bayan majami'a, inda na ga hoto zai fi kyau. Ban kula wurin gangare ne ba. Da na jawo tiyo daga tanki, ko rabin hanya bai kai ba. Na tsaya riƙe da shi ina zufa, sai ga Mama Rifkatu, shugabar zumuntar mata. Ta dubi tiyon, ta dube ni. "Malam, ka matsa gefe." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta tara matan, kowacce da baho a ka, suna waƙa suna juyewa har kwamin ya cika. Ko ɗaya ba ta yi min gori ba, kuma wannan ya fi gorin ciwo.

Lahadi jama'a suka cika, har baƙi daga garin Gidan Waya. Na sha sabuwar kwat. Aka riƙo Kaka a hankali har bakin kwami. Bangon ya kai mata ƙirji, ga shi babu tsani, babu matakala. Tsanin dabam ake sayar da shi, ni kuwa ban tambaya ba.

Maimakon in yi shiru, sai na ce, "Ai da sauƙi, ku duba." Na ɗaga ƙafa na ɗora a bangon da ke ɓangaren gangare, inda duk nauyin ruwan ya taru. Ƙarfen ya lanƙwashe. Ruwa ya kwashe ni, ya mirgina ni cikin jar ƙasa, ya ajiye ni a gaban mawaƙan majami'a, takalmi ɗaya a ƙafa. Wani a baya ya ce, "Haleluya!" Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi kunyar zafi shi ne tunanin na ɓata wa tsohuwar nan ranarta.

Amma kafin in tashi, matan zumunta sun riga sun ruga sun tare bangon da hannuwa da gwiwoyi, zannuwansu sharkaf. Ruwan da ya rage bai wuce gwiwa ba. Kaka ta lallaɓa ta wurin da na lanƙwasa, ta taka ta shiga da ƙafarta, ta zauna a ciki. Ta ce, "Fasto, ka zo mana. Wannan ya ishe ni, ni ba babba ba ce."

Fasto ya durƙusa, ya kwantar da ita cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ta ɗago tana dariya tana kuka, matan na riƙe da bango suna rera waƙa. Ban taɓa ganin abin da ya burge ni kamar wannan ba.

Da aka fito da ita, ta kama hannuna mai laka ta ce, "Yarona, na gode da ka buɗe min ƙofa. Amma next time ka bar masu sabon tuba su fara shiga."

Har yau ina cikin kwamiti. Sai dai yanzu ko bokiti za a saya, ni ne na farkon cewa a kira Mama Rifkatu a zauna.