Adireshin Turaren Falmata

A shekarun da ba a ambaton Maiduguri sai da labarin bam, na buɗe shafi a intanet ina rubuta rayuwar kasuwar Gamboru, amma ba mai leƙowa. Sai na tsara dabara: in aika rubutu wani babban shafi na Abuja, in liƙa adireshina a ƙarshe, masu karatu su biyo ni. Har na ce wa matata Falmata, "Irin wannan sai masu zurfin tunani."

Rubutun ya karɓu sosai. Sai dai da wayarta na aika, ashe adireshin shafinta na turaren wuta na kwafo. Ita aka yi ta nema daga Kano har Legas.

Har yau in na zauna rubutu, sai ta ce, "Malam, wane turaren za mu tallata yau?"