Ranar da Na Ƙwanƙwasa Gangunan Kamfanin Tanki

Ranar Talatar makon jiya, da hantsi, aka kama ni. Ni Tanimu na Harobanda, unguwar ƙetaren kogi, wanda fara ta cinye gonarsa tun yana saurayi bai mutu ba, wanda ya yi wata tara yana fasa dutsen hanya a aikin dolen Nasara ya dawo gida da ƙafafunsa, wanda farin nan ya kashe masa shanu goma sha ɗaya bai yi kuka gaban kowa ba, ni ne wani gardi mai yagaggen takalmi ya cafke wa wuyan riga yana ce mini ɗan leƙen asiri. Laifina kuwa ɗaya ne: na ƙwanƙwasa ganga da ɗan yatsa.

Malam Isaka, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya, shi nake faɗa wa wannan yana sa shi a takarda, don ni ban taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba kuma ban ga abin da na rasa ba. Ya ce in fara daga farko ko mutane su gane. To, ga farkon.

Ina da jika, Habsatu, ta karanci lissafi har an ba ta takarda mai tambari. Tun da farin nan ya koro mana dangi daga Tahoua mu goma sha uku ne a gida, kuma tukunyarmu albashinta take jira kafin ta hau wuta. Tana riƙe wa Alhaji Lawali mai hatsi littattafansa a Babbar Kasuwa. Kujerarta buhu ce, teburinta akwatin sabulu, albashin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ƙarshen wata bai taɓa wucewa ba a miƙa mata shi ba, har da tiya biyu ta gero a kai.

Ana cikin haka wani kamfanin gwamnati ya sa a rediyo yana neman mai lissafi. Sunansa harufa bakwai ne na Faransanci waɗanda ke sarƙe mini harshe, don haka mu ce da shi Kamfanin Tanki, tunda aikinsa, in ji takarda, kai ruwa ne ga dabbobin karkara. Biro, wato ofis, mai sanyi, albashi ninki biyu, da suna a jikin ƙofa. Habsatu ta kai dosiyen takardunta, aka kira ta ganawa ranar Alhamis. Alhaji ya ce mata ba ya tare wa kowa arziki, amma ta gaya masa ranar Juma'a in tafiya za ta yi, don ɗan ƙanensa na jiran buhun nan, kuma in ya zauna ba mai tashe shi.

Yaran yanzu sun fito da wani salo. Kafin su je a tambaye su, sai su fara binciken mai tambayar. Su biyar masu neman aikin suka taru a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta ƙofar gidana da jaridar da kamfanin ya buga lissafinsa na shekara, wanda suke kira bilan, suna bi layi-layi da fensir kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Da suka watse Habsatu ta zo tana kaɗa mini takardar a hanci.

"Tsohon miji, ka shirya cin nama. Kamiyo, manyan motocin nan, arba'in gare su, man gazuwal ganga ɗari uku a ajiye, ga riba ta ƙaru."

Na ce, "Amarya, wa ya rubuta?"

"Kamfanin mana."

Na ce mata ni ma da an bar ni na rubuta labarina lokacin da nake neman kakarta, da na sa shanu ɗari da doki, alhali jakin da na je a kai na aro ne. Ta yi dariya ta ce lissafi ba zance ba ne, akwai sa hannun manya uku a ƙasa. Na ce to ai shi ya sa.

Ku bari in gaya muku abin da ya sa ba a yi mini wayo da ajiya. Zamanin Nasara an tilasta wa kowane gari ya yi rumbun tsimi, a zuba gero a rufe saboda shekarar yunwa. Shekarar yunwar kuwa kullum ita ce wadda muke ciki. Sai mu kwashe geron ta ƙasa mu ci, mu cika rumbun da ƙaiƙayi, mu yayyafa kamu ɗaya na gero a sama. Mai dubawa ya zo, a kafa masa tsani, ya hau ya leƙa ta baki, ya rubuta rumbu cike. Ni da hannuna na cika irin wannan rumbu sau shida. Wanda ya taɓa kama mu mutum ɗaya ne, wani tsohon dogari da bai san alif ba. Bai hau tsani ba ma. Ya zagaya baya, ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa gindin rumbun ya kasa kunne. Bulala ashirin na sha a ranar, kuma ita ce lakwal ɗin da na yi.

Saboda haka ranar Talata na ɗauki sandata na haye gada. Taksi babu, duk suna layin isansi, wato fetur, layin da na fara gani tun daga bakin kogi na bar shi bai ƙare ba. Allah ya ja zamanin masu kaki, da ma sun ce za su sa ƙasar nan a layi, ga shi sun cika alkawari. Da ƙafa na isa filin kamfanin can bayan gari, na shiga ta inda katanga ta zube.

Gaskiya ɗaya zan faɗa don kada a ce ina da ƙiyayya: kamiyo arba'in ne cif. Na ƙirga su kamar yadda nake ƙirga shanuna lokacin da nake da su. Mai Girma Darakta, Uban Tankoki, Mai Shayar da Na Nesa, bai yi ƙaryar ko ɗaya ba. Abin da jarida ta manta ta faɗa shi ne guda biyu kaɗai ke tsaye a kan taya. Sauran talatin da takwas a kan bulo suke, a jere, an shafe su da sabon fenti ta gefen da ke kallon titi. A mazaunin direban ɗaya kaza ta ƙyanƙyashe, ta taso mini da faɗa. Ta cikin gaban wata kuwa tumfafiya ce ta fito har ta yi fure. A shekarar da ko ƙaya ba ta tsira ba, kamfanin nan ya yi noma.

Na wuce wurin ganguna. An jera su da kyau, layi goma. Na ƙwanƙwasa na gaba, suka amsa da nauyi, alamar akwai abu a ciki. Na zagaya baya na durƙusa. Jama'a, da makaɗa sun san da wurin nan da sun daina sayen fata. Kowace ganga na taɓa sai ta yi ƙara har cikin haƙorana. Ina kan layi na bakwai aka cafke ni.

Gardin, sunansa Sumana, ya ja ni ɗakinsa yana haɗa Hausa da Zabarmanci, wai zai kira soja, wai a wannan zamani mai taɓa kayan gwamnati ba ya kwana gida. Na ce ya kira, na ga waɗanda suka fi su jan ido. Na fito da goro na ɓara, na ga idonsa ya bi hannuna, na miƙa masa babban ɓarin. Bai tauna kamar mai marmari ba, ya tauna kamar wanda bai karya ba. Sai na gaya masa gaskiya: jikata ce ke son barin Alhaji Lawali ta zo nan, na zo duba gidan da za ta shiga.

Ya saki rigata. Ya ma gyara mini wuyanta.

"Baba, Alhaji Lawali na Babbar Kasuwa? Mai sito uku?"

"Shi."

"Sitocin nan, wa ke gadinsu?"

Daga nan hira ta juye, ni aka koma yi wa tambaya. Ranar nawa ga wata Alhaji ke biya? Da hannu yake bayarwa ko sai an sa hannu a biro huɗu? Gaskiya ne yana ƙara gero? Shi dai, in ji shi, rabonsa da albashi tun kafin Layya, kuma duk lokacin da ya tambaya sai a ce masa kala suru, wato sai haƙuri. Na tambaye shi yadda suke yi in masu duba aiki sun zo. Ya leƙa waje, ya rage murya. Ashe rumfa ake kafa wa baƙi a bakin babbar ƙofa, a kawo lemo. Kamiyo biyun nan masu taya su fito su wuce a gabansu, su zagaya ta ƙofar baya, a sauya musu lamba, su sake fitowa. Haka har sau ashirin. Ya ce a zuwan ƙarshe direba ɗaya jiri ya kwashe shi ya kusa shiga rumfar, Mai Girma ya ce wa baƙi gajiyar hanyar karkara ce.

Na so in ga mutumin da ya ƙirƙiro wannan dabara in gaishe shi. Mu da ƙaiƙayinmu ashe yara ne.

Da na koma gida na zayyana wa Habsatu, ta ce tsufa ya fara sa ni ganin abin da babu. Amma na lura ta ɗauko jaridar ta koma gindin bishiya. Can ta kira ni, ta ɗora yatsa a wani ɗan layi can ƙasa, da ƙananan harufa kamar ƙwan ƙuda: a shekara guda, kamfani mai kamiyo arba'in taya goma sha biyu ya saya. Ta ce da ma ko ban je ba za ta gano. Na ce haka ne, bayan kin yi wata shida kina cin fenti. Duk da haka ta ce za ta je ganawar, tana son ta ji da kunnenta wanda ke ƙarya tsakanin takarda da tsohon mijinta.

Ranar Alhamis ta je. Mai Girma ba ya nan, ya tafi ƙasar Turai taron yadda za a yaƙi fari. Mutum uku ne a tebur, na tsakiya babban mai lissafin kamfanin, Malam Abdou, da kwat da abin wuya a wannan zafi, don injin sanyin ya mutu. Suka yi mata tambayoyi ta amsa. Suka ce ta burge su, ta fara ranar Litinin. Sannan Malam Abdou ya ce ko tana da tambaya, irin yadda ake faɗa don a rufe zance.

"Ranka ya daɗe, ɗaya ce. Kamiyo arba'in, taya goma sha biyu. Sauran a kan me suke tafiya?"

Malam Abdou ya tashi ya rufe ƙofa ya murɗa makulli. Ta ce a lokacin ta tuna da mu goma sha uku, ta tuna da motar soja, ta fara salati a zuci. Ya dawo ya zauna, ya buɗe dosiyenta, ya daɗe yana kallon wurin da aka rubuta inda take aiki.

"'Yata, wannan Alhaji Lawali, littattafansa ba su yi miki yawa ke kaɗai ba?"

Na hagunsa ya ce shi ya iya buga tafireta. Na dama ya ce shi ko awon hatsi ne zai iya, a ƙauye ya tashi.

Habsatu ta fita neman aiki da dosiye ɗaya, ta dawo gida da uku, ba nata a ciki. Ranar Juma'a bayan masallaci ta gaya wa Alhaji tana nan a kan buhunta. Ɗan ƙanen ya ɓata rai, mu kuwa tukunyarmu ta hau wuta. Sumana ya fara gadin sito ranar Asabar, na kai shi da kaina na tsaya masa. Sauran yara huɗun nan na gindin bishiya, uku sun janye. Na huɗun ya karɓi aikin, ya ce shi sunan jikin ƙofa yake so don neman aure, kuma ban ga laifinsa ba, ni ma da jakin aro na yi.

Shekaranjiya na je kasuwa sayen goro, sai na hango mutum da kwat a bakin rumfar Alhaji, yana waige-waige, yana latsa buhun gero na sama da ɗan yatsa. Habsatu ta ƙifta mini ido, na gane Malam Abdou ne. Ashe shi ma bincike ya zo yi kafin ganawarsa. Na matsa na yi masa sallama, na ce, "Ranka ya daɗe, ba na sama ake taɓawa ba. Zagaya baya, ka durƙusa." Ya dube ni, ya dubi wandonsa mai guga, sannan ya zagaya ya durƙusa. Mutum mai takardu har daga ƙetare, sai da ya zo hannuna ya fara karatu.

Jiya kuma na ji a rediyo cewa saboda kyakkyawan sakamakon da Kamfanin Tanki ya samu, an amince a ƙaro masa sabbin kamiyo ashirin. Muna godiya, Allah ya ƙara wa manya basira. Malam Isaka ya ce in tsaya nan, shi yana da iyali. Ni ma sauri nake, zan je unguwar Kirkissoye wurin wani mai buga bulo mu yi magana. Kamiyo ashirin, kowace ƙafa shida, wanda ya riga kowa shiri shi zai samu kwangilar.