Yadda Za Ka Aika wa Matarka Kalaman So Ba Tare da 'Ya'yanka Sun Ji Ba

Kai dattijo, matso. Ka tsufa, gida na tsoron gyaran muryarka, amma zuciyarka ta ƙi tsufa. Kana son faɗa wa uwar 'ya'yanka magana mai daɗi ta waya, kana tsoron wani ya ji girmanka ya zube. Ga hanya. A wurin aminina na koye ta, wani tsohon kafinta da 'ya'yansa ba sa ganin haƙoransa sai wajen cin nama. Bi ta daki-daki. Na ba ka tabbaci, ko aljani ba zai ji ba.

1. Ka nemi sani, kada a gane kana nema

Kafinta yana da suruki, mijin babbar 'yarsa, wanda aikinsa tsare kwamfutocin wani kamfani daga ɓarayin intanet. Ya kira shi shago. Bai dube shi ba, ya ci gaba da goge ƙafar kujera.

"Wani sakarai ne ya aiko ni. Wai in ya tura saƙon murya, wa ke ji a hanya?"

Surukin ya durƙusa. "Babu mai ji, Baba. A kulle saƙon ke tafiya, kamar akwati. Mabuɗi biyu ne, ɗaya a wayarku..."

"Wayar sakaran."

"Wayar sakaran, Baba. Ɗayan a wayar wanda aka tura wa. Ko masu kamfanin ba sa iya buɗewa."

"Tashi ka tafi."

Yana fita, Kafinta ya zaga bayan katako ya ɗan taka rawa. Kai ma ka taka. Kaɗan dai.

2. Lambar sirri

Kada ka sa shekarar haihuwarka. Kafinta ba shi da wannan matsalar, bai san tasa ba. Kada ka sa ɗaya, biyu, uku, huɗu, don ko akuya za ta canka. Shi awon ƙofar da ya fara haɗawa a duniya ya sa, ƙofar kuwa gara ta cinye ta tuntuni. Sirrin da shaidarsa ta mutu, shi ne sirri.

3. Yatsa da fuska

Za a ce ka dangwala yatsa. Gugar katako da sanfefa ta share zanen yatsun Kafinta, wayar ta ce ba ta san shi ba. Sai ya koma kan fuska. A murtuke wayar ta haddace shi. Ranar da ya je mata da murmushi, ƙin buɗewa ta yi. Kada ka ga laifinta. Waya ce mai tarbiyya, ta san ubangidanta.

4. Inda za ka yi maganar

Ba a ɗaki ba, bango na da kunne. Ka shiga ƙuryar shago, tsakanin kujerun da masu su suka ƙi ɗauka. Ka sassauta murya. In ka ji motsin mutum, ka daka tsawar aiki nan take. Shi ya sa duk saƙon Kafinta da neman ƙusa yake ƙarewa. Da ka tura, ka goge a wayarka, ka goge bakinka, ka fito kana faɗa.

5. Ka tuna ɗayan mabuɗin

Nan ne ilimin yake, ka buɗe kunne.

Wata ranar hutu 'ya'ya da surukai suka cika falo. Kafinta ya tura saƙo daga shago, sabis ya yi gardama, ya taho gida abinsa. Yana cire takalmi, saƙon ya iso. Uwar yara kuwa kunnenta ya yi nauyi, kullum muryar wayarta a ƙure take. Ta danna.

Falo ya ɗauka: "Ke 'yar fitilata. Ke ce katakon da gara ta rantse ba za ta taɓa ba. Tun da na auna ki da ido, ban sake ɗaga awo a kan wata ba. Kai! A kawo ƙusa inci uku!"

Autan gidan, ƙato mai gemu, ya ƙware da ruwa. Matarsa ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa.

Uwar yara ta harare su. "Hayaniyarku ta hana ni jin tsakiyar." Ta sake dannawa.

Kafinta, takalmi ɗaya a hannu, ya juya kan surukin. "Kai ka ce babu mai ji a hanya."

Surukin ya sunkuyar da kai. "A hanya, Baba. Wannan ya riga ya iso gida."

"To mene ne?" in ji uwar yara. "Kullum a kicin nake saurara, taga a buɗe. Maƙwabciya ma ta ce na makon jiya ya fi duka daɗi."

6. Kada ka gudu

Namiji ba ya gudu da takalmi ɗaya. Kafinta ya shiga, ya zauna a kujerarsa, ya haɗe gira, yana jiran girmansa ya ƙarasa faɗuwa. Sai babbar 'yar ta waiwayi mijinta.

"Kai da ka ƙare karatun kwamfuta, me ka taɓa turo min? Daga 'na taso' sai 'gas ya ƙare?'"

Matar auta ma ta ɗago, ta kafe nata da ido. Dariya ta mutu a bakin maza.

Kafinta ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ku koya." Ya miƙa hannu aka zuba masa ruwa.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan asirinsa ya tonu, babu hannuna, babu ƙafata. Kada ya zo min da kuka, ya je ya saya wa matarsa abin sauraro na sawa a kunne. Kuma ku 'yan unguwa da ke kiran aminina Inci Uku in ya ba da baya, ku sani yana ji, gudumarsa kuma ba ta tsufa ba.